Hannu Na Ce, Ba Fuska Ba

Ku da kuka cika min tasha a makon nan kuna rubuta "Allah sarki tsoho", ku yi haƙuri, ba da ku nake ba. Masu karatuna na kullum, ku matso kusa. Yau raina a jagule yake, idan ban amayar da abin da ke cikina ba zai iya kwantar da ni.

Ga wanda bai sani ba, ina da tashar bidiyo a intanet. Sabuwa ce, ko shekara ba ta rufa ba. Ba rawa nake yi ba, ba girki ba, ba kwalliya ba. Nakan zaɓi sana'a ɗaya, in je in ɗauki hannun mai yin ta yana aiki, sannan in dawo gida in rubuta dogon sharhi in karanta a kai. Na yi na mai gyaran agogo, na yi na mai ɗaurin littattafai, na yi na wata mai wankau da sabulu ya cinye mata farata. Dokata ɗaya ce tun ranar farko: ba na nuna fuskar kowa, hannu kawai. Na lura idan ka nuna wa mutane fuska sai su tsaya ƙirga haƙora da auna hanci. Hannu kuwa ba shi da abin tsegumi, dole su saurari abin da ake faɗa.

Da rana ina aiki a shagon buga takardu. Idan na tashi, sai in zauna gaban tsohuwar kwamfutata mai gurnani kamar injin markaɗe. Murya kuwa a cikin kabad ɗin kayan Umma nake ɗaukarta, in dunƙule tsakanin riguna ina gumi, saboda nan ne kaɗai babu amsa-kuwwa. Mabiyana, da za a tara su, motar haya biyu ta kwashe su har da sauran kujera. Amma na san su. Akwai wani tsohon malami da ke gyara min duk inda na yi kuskure, akwai wata ma'aikaciyar jinya da ta ce muryata take saurare idan ta dawo daga aiki. Ina son su ƙaru, ba zan yi muku ƙarya ba. Kullum da safe, kafin in wanke ido, sai na duba ko an samu mutum ɗaya.

To, a nan ne Manaja ya shigo.

Ɗan ƙawar Gwaggo ne, ƙanwar Babanmu da ke zaune tare da mu. A wani kamfanin talla yake aiki. A gidanmu Manaja suke ce masa, har da sassauta murya. Ni a raina Ɗan Talla nake kiransa. Farar riga mai guga kamar takarda, wayoyi biyu, agogo mai faɗin murfin kwalba, da wani turare da ke riga shi shigowa falo, ya kuma ƙi tafiya bayan ya tafi. Neman aurena yake yi, kuma ya riga ya gama da Umma da Gwaggo tun kafin ya fara da ni.

Ranar da na nuna masa tashar, ko rabin minti bai kalla ba ya tsayar.

"Ina fuskarki?"

"Ba na sawa."

"Ta mutumin fa?"

"Ita ma ba na sawa."

Ya yi wata dariya ta tausayi, irin wadda ake yi wa yaro idan ya sa takalmi a baibai.

"Auta, wa ya gaya miki ana kallon hannu? Mutane fuska suke so. Ko ta yi kuka, ko ta yi mamaki, ko ta buɗe baki. Ki ba ni wata ɗaya, ki ga yadda ake tara jama'a."

Gwaggo tana bakin ƙofa da tire, ta cafe zancen tun bai faɗi ƙasa ba.

"Ka gaya mata dai. Kullum tana cikin kabad tana magana ita kaɗai kamar mai aljanu. Ki ba shi ya duba miki mana, ba shi ne mijin ba?"

"Bai zama ba tukuna, Gwaggo."

"Ji min bakin yarinya."

Kwana da kwanaki ana wannan. Umma ba ta faɗa, ita da ido take magana, da ajiyar zuciya, da ajiye kwano da ɗan ƙarfi. Ƙarshe na ba shi kalmar sirrin tashar, a kan zai duba min lokutan da mutane suka fi kallo. Ya riƙa turo min saƙonni: "Take ya yi tsawo." "Sa jan launi." "Sharhinki kamar laccar makaranta, yanke rabi." A ƙarshen kowane saƙo sai ya manna hoton zuciya, wai a dole soyayya muke yi. Ina karantawa ina share hoton zuciyar da ido.

Yanzu bari in gaya muku labarin Baba, don shi ne tushen maganar.

Baba tela ne. Ba irin telan da ake yi wa zarya ba, a'a, irin wanda ke kallon kafaɗarka sau ɗaya ya san inda rigarka za ta tsaya. Mutum ne mai son tsafta har ta yi yawa. Ban taɓa ganin ya fita da gemu a hargitse ba, ko hularsa sai ya goge ta da burushi. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Hannun dama ya mutu, bakinsa ya karkace, magana sai da ƙyar, yawu kuma ba ya iya riƙe shi. Tun daga nan ya hana kowa shiga ɗakinsa in ba mu ba. Abokan sana'arsa sukan zo dubiya, su tsaya a bayan labule su gaishe shi, ya amsa musu da gyaran murya. Madubin da ke jikin bango ma da kansa ya nuna a cire.

Amma Baba bai sallama ba. Kullum da hantsi sai ya sa Umma ta soke masa allura a jikin matashi, ya ɗauki zare da hannun hagu, yana koya masa abin da na dama ya sani. Hannun na rawa, zaren na kaucewa, ya sake. Ina kallonsa wata rana, na ji duk bidiyon da na taɓa yi wasan yara ne.

Na durƙusa gefen gadon na ce, "Baba, ina so in ɗauki hannunka."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya haɗa kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ɗaukar kaya masu nauyi.

"Hannu... kawai."

"Hannu kawai, Baba. Na yi maka alkawari."

Ya gyaɗa kai.

Na ɗauka. Sai dai duk mai riƙe kyamara ya san ba daga danna maɓalli ake samun daidai ba. Kafin in gama saita ta, ta ɗauki ɗakin gaba ɗaya. A daidai lokacin zaren ya suɓuce masa, ya yi ƙoƙarin kamawa, yawu ya zubo masa a gaban riga, idonsa ya kawo ruwa, Umma ta zo ta goge masa baki da tawul. Na san wurin, na yi niyyar yanke shi in share idan na zauna aiki. Na cire katin kyamarar na sa a aljihun teburina, na fara rubuta sharhin. Sati guda ina rubutawa ina gogewa, don ina so ya zama mafi kyawun abin da na taɓa yi.

Jiya da hantsi ina shago, ina haɗa wa wani takardun neman aiki, sai wayata ta fara kaɗawa a kan tebur. Ta yi shiru, ta sake, ta sake, har ta fara tafiya da kanta zuwa bakin tebur. Abokiyar aikina ta leƙo daga bayan injin ɗaukar hoto da tata wayar a hannu.

"Ke, wannan ba tasharki ba ce? Kin yi suna fa. Wane ne wannan tsohon?"

Na karɓa.

Fuskar Baba ce. Ta cika allon wayar, an matso da ita kusa har kana iya ganin yawun. An zagaye bakinsa da jan da'ira, an ja kibiya tana nuna hawayen. A sama da manyan baƙaƙe an rubuta: "IN BA KA YI KUKA BA BA KA DA ZUCIYA. DUBI YADDA TSOHON TELA YA KOMA." Na danna. Wani kiɗan jaje ne a ƙasa, kuma an rage gudun hoton a wurin da Umma ke goge masa baki, an maimaita shi sau da yawa. Allurar da zaren ko sau ɗaya ba su fito ba.

Ban san lokacin da na fita bayan shagon ba. Na tsaya kusa da kwata na buɗe bidiyon a tawa wayar.

Ƙasan bidiyon kuwa kasuwa ce. "Allah sarki tsoho." "Ina 'ya'yansa suke?" "Duniya kenan." Wani ya ce a turo lambar asusu. Wata ta ce ita ta san maganin wannan ciwon, a same ta a waya. Wani ya rubuta cewa bakin ya ba shi dariya, Allah ya yafe masa, mutane da yawa kuma suka danna masa alamar so. Can a tsakiyarsu na hango tsohon malamin nan nawa. Layi ɗaya ya rubuta: "'Yata, wannan ba aikinki ba ne." Nan ne hawayena suka zubo.

Saƙon Ɗan Talla ya shigo: "Kin gani? Na ce miki fuska. Duba mabiya." Da hoton zuciya har uku.

Na nemi izini na tafi gida. Tun daga ƙofa nake jin muryar Gwaggo tana waya. Ta ci ado da doguwar rigarta mai duwatsu, wadda ba ta sawa sai za a yi baƙi, tana zagaye falo tana cewa, "Eh, mu ne, gidanmu ne, Yayana ne. Ki tura wa su Hajiya ma su gani." Umma na zaune a ƙarshen kujera tana ninke tawul ɗin Baba, ta warware, ta sake ninkewa.

Na wuce ɗakina na ja aljihun tebur. Babu kati.

"Wa ya taɓa min tebur?"

Gwaggo ta kashe wayar. "Ko sallama babu? Maimakon ki shigo da murna."

"Wa ya ba shi katin?"

Umma ba ta ɗago ba. "Ni ce."

"Umma."

"Ya ce zai gyara miki sauti ne. Daga baya ya ce idan duniya ta gani za a yi wa Babanku addu'a, wataƙila ma wani babban likita ya gani ya neme mu." Muryarta ta karye. "Na gaji, Auta. Ke kina fita ki ga mutane. Ni daga ɗakin nan sai kicin."

Wallahi na so in yi mata ihu, amma da na kalli hannunta, duk ya bushe da wankin zannuwan gado, sai na fasa. Ba Umma ce ta ba ni ƙyama ba. Wanda ya zauna ya auna gajiyarta, ya san daidai inda zai danna, shi ne ya ba ni.

Gwaggo kuwa ta riƙe ƙugu. "Ke dai ba ki da godiya. Kusan shekara guda kina ɗaukar hannun masu wanki, wa ya san ki? Yaro ya zo a yini ɗaya ya fito da ke. Irin wannan mijin ake nema, mai zuciyar nema."

Na shiga ɗaki na kira shi. Bugu ɗaya ya ɗauka, da fara'arsa.

"Tauraruwa."

"Baba ya ce hannu kawai. Na yi masa alkawari."

"Haba, Auta. Tsoho ne, ina zai gani? Kuma ai ba zaginsa muka yi ba, tausayinsa ake ji."

"Ka zagaye bakinsa da jan layi."

"Ido na bukatar inda zai sauka. Aikina ne, ki bar min. Yanzu abin da ya rage kada mu bari ya huce. Na biyu zai fi wannan: lokacin da ake ba shi abinci. Sai dai ɗakin ya yi duhu, zan zo da fitila gobe. Ke ma ki shirya, ki sa baƙin mayafi, kada ki yi kwalliya, ki zauna kusa da shi ki riƙe masa hannu. In kin iya kuka, shi ke nan mun gama."

Na kalli wayar kamar na taka wani abu a hanya. Mutumin da ake so in haɗa shimfiɗa da shi ke nan, yana tsara min kalar mayafin da zan yi kukan ubana da shi.

"Kana jina? Kada ka zo."

Ya yi dariya. "Za ki gode min." Ya kashe.

Na buɗe kwamfuta, na canza kalmar sirri, na kai kibiya kan wurin gogewa. A nan zan faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa ba. Idona ya sauka kan adadin mabiya. Lambar da nake mafarki kullum da safe ce, har ta wuce, kuma ina kallo tana ƙaruwa. Yatsana ya tsaya. Wata murya a cikina ta ce, ki bar shi zuwa gobe mana, idan suka zauna sai ki nuna musu aikin gaskiya. Numfashi biyu ko uku ne kawai, amma na ji ta, kuma muryata ce ba tasa ba. Na tsani kaina a wannan lokacin fiye da yadda na tsane shi. Na danna, bidiyon ya tafi.

Na ɗauka na kashe wutar. Ashe tuni wasu shafuka sun kwafe, kowa ya manna sunansa a kai. Kafin magariba ƙawata ta makaranta ta turo min shi tana tambaya ko na san tsohon. Sabbin mabiyan kuma suka dawo kaina: "Ina bidiyon kakan nan?" "Mu tsohon muka zo gani." "A sa mana na biyu."

Ban iya shiga wurin Baba ba jiya. Na ce wa kaina bai sani ba, ba shi da waya, ba ya fita. Da wannan na lallashi zuciyata har na tafi aiki yau.

Da la'asar na dawo na tarar an share falo, an kunna turaren wuta, an jera kofunan baƙi. Gwaggo na gyara ɗaurin ɗankwali a jikin gilashin taga.

"Manaja na hanya," ta ce. "Kuma ki saki ranki, shi mai fuskar ma ya gani."

Jakata ta zame daga kafaɗata.

"Wa ya gani?"

"Yaya mana. Na kai masa ɗazu, na ce Yaya ka yi suna, duniya na yi maka addu'a. Har na karanta masa abin da mutane ke rubutawa."

"Me ya ce?"

"Me zai ce? Kin san bakin nasa. Ya dai ƙi cin abinci, rigimar masu ciwo."

Na cire wayata daga aljihu na ajiye ta a ƙasa, a bakin ƙofar ɗakinsa, kusa da takalma. Ban so ko inuwarta ta shiga tare da ni. Na ɗaga labulen na yi sallama.

Ɗakin na nan yadda yake: keken ɗinkinsa a lulluɓe da farin ƙyalle, gwangwanin allurai a kan taga, kwanon abinci a rufe ba a taɓa ba. Baba yana jingine da bango. A jikin matashin da ke kan cinyarsa allura ce a soke, kuma da zare a cikinta. Baƙin zare, ya ratsa kafar ya fito ta ɗaya gefen, dogo, an ja shi sosai don kada ya zame. Wata da watanni yana fama, yau ya samu. Na san don wa ya bar ta a soke a wurin, don ni kaɗai ce nake tambayarsa kullum idan na dawo, "Baba, ta shiga?"

"Baba," na ce, "ta shiga."

Ya ɗago ya gan ni. Idonsa ya fara zuwa kan hannuwana, na dama, na hagu, yana neman abin da na riƙo. Na buɗe masa tafukana ya ga babu komai. Duk da haka, a hankali, hannun nan na hagu ya tashi yana rawa, hannun da na roƙa in nuna wa duniya, ya kai shi ya rufe fuskarsa.

Bai taɓa rufe min ita ba. Ko ranar da aka dawo da shi daga asibiti, ni ce na wanke masa ita.

Na durƙusa. Na ce ba ni ba ce, na ce na goge, na ce ya yafe min. Hannun bai sauka ba. Ta tsakanin yatsunsa na ji yana haɗa kalmomi, da ƙyar, ɗaya bayan ɗaya.

"Hannu... kawai... na ce."

Sai ga ƙarar mota a waje. Turaren ya riga shi shigowa, kamar kullum. Na ji Gwaggo na zuba masa sannu da zuwa, na ji ana jan wani abu mai ƙafafun ƙarfe a kan siminti, sannan muryarsa, sakayau, cike da nishaɗi.

"Gwaggo, akwai wurin jona wuta a ɗakin Baba, ko in ɗauko doguwar waya a mota?"

Na miƙe. Na saki labulen, na tura ƙofar, na murza makullin da ba a taɓa murzawa ba tun da Baba ya kwanta, na zare shi na damƙe a hannuna. Na jingina bayana da ƙofar ina kallon Baba, shi kuma har yanzu bai yarda ya kalle ni ba.

A bayana, mariƙin ƙofar ya fara motsi.